Kira Ɗaya a Kwarin Kuratani

Kuratani, Hida,
20 ga Nuwamba, shekara ta hamsin da tara ta sarautar Showa (1984).

Zuwa ga ƙanena Tomeji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a can Barazil, kai da mai ɗakinka Fusae da yara da jikoki, da gonar kofi da duk abin da ke cikinta. Kullum da safe idan matata Sada ta kunna turare a gaban allunan sunayen kakanni sai ta ambaci sunanka bayan nawa, ta roƙi Baba da Inna su tsare maka gwiwoyinka, don ta ce ciwon gwiwa gadon gidanmu ne kuma teku ba ta hana shi bin mutum. Mu nan sanyi ya sauka. Dusar ƙanƙara ta rufe kan dutse tun makon jiya, shinkafa ta shiga rumbu, Sada ta cika gangunanta da ganye da gishiri na cin hunturu, itace kuma na jibge a bayan ɗaki.

Na san tun daga bayan ambulan ka ga wannan ba rubutun Chizuru ba ne, ka ce wane yaro aka ba biro. Ni ne, yayanka Sukeichi, wanda ya yi shekara sittin da tara yana dangwala hatimi a inda aka nuna masa da yatsa. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yamma a zauren taro na gari, Talata da Juma'a, mu tsofaffi takwas waɗanda gawayi ko yaƙi ya hana karatu. Malama Hosokawa ta ce hannuna ya saba da adda, shi ya sa nake huda takarda. Kwana shida na yi a kan wannan wasiƙa, da hannu ɗaya kuma, don na hagun a naɗe yake. Inda ka ga na karce, ka tsallake.

Ina rubuta maka cikin murnar da ban taɓa yin irinta ba, har da ranar da aka haifi ɗana Shoji. Amma ta cikin jini murnar ta biyo, don haka ka nemi wuri ka zauna. Ba wanda ya mutu, na faɗa maka wannan tun yanzu don zuciyarka. Magana ce ta Chizuru, 'yar marigayi Shoji, wadda ba ka taɓa gani ba sai a hoto, wadda ni da Sada muka riƙe tun tana da shekara huɗu. Yanzu shekararta ashirin da uku, tana aiki a ofishin ƙungiyar masu katako, bakinta kuwa ya fi na kakarta kaifi. Saura ƙiris in rasa ta, kuma ba sau ɗaya ba, sau biyu: na farko a bakin beyar, muguwar dabbar dutsen nan mai farata, na biyu ta dalilin abin da ni na yi.

Ka tuna ranar da Baba ya fasa maka leɓe a bakin ramin gawayi? Kana da shekara bakwai, ni goma sha biyar. Muna jan itace sai wata murya daga cikin kurmi ta ce “Tome!” sau ɗaya tak, kai kuwa ka ɗaga kai ka amsa. Baba ya juyo da bayan hannu, ka faɗi cikin toka jini na bin haɓarka. Sa'annan ya ɗauki faskare ya bi ta kaina, wai ni ne babba, me ya hana in toshe maka baki. Sai da faskaren ya tsage ya bari. Yana haki ya ce a kan dutse mutum sau biyu yake kiran ɗan'uwansa, abin da ya kira sau ɗaya ba mutum ba ne, wanda ya amsa kuwa ya miƙa masa igiyar wuyansa. Har yau ban san wa ya kira ka ba. Kai ka tafi ƙasar da ba dutse, ni na zauna da dokar shekara hamsin da bakwai, ta shiga ƙashina. Chizuru tun tana ƙarama ta mai da abin wasa. Ko a tsakar gida sai ta ce “Tsoho, tsoho!” ta ƙara da cewa ga na biyun nan kyauta, kada in ɗauka aljana ce. Wasa take yi, amma a daji ba ta taɓa kirana sau ɗaya ba, ko da kuskure.

Ranar goma sha huɗu ga watan jiya, Lahadi, muka hau dutse neman naman kaza mu uku, ni da ita da Matazo. Za ka tuna Matazo, ƙanen Genroku, Genrokun nan da aka tsinci gawarsa a gindin tsauni cikin dusar ƙanƙara, aka ce kira ya amsa. Matazo ya tsufa, ya rage tsawo, amma tsiyarsa tana nan. Tun a cikin a-kori-kurarsa yake tsokanata, wai ɗan makaranta ya yi aikin gida kuwa, ko Malama za ta sa shi ya tsaya a bayan aji da bokiti. Chizuru ta ce masa, “Baba Matazo, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, gara ka kula da hanya.” Muka bar mota a ƙarshen turba muka hau da ƙafa. Bana itatuwan dutse ba su yi 'ya'ya ba, kowa ya san beyar na cikin yunwa, don haka na ɗaura ƙararrawa a ƙugu, ya ji tafiyata ya kauce. Ita ta jefa tata cikin kwando, wai tana hana ta jin tsuntsaye. Da muka kai mararraba ta ce za ta gangara kwari wurin tsohon itacen da ubanta ya nuna mata, inda naman kaza ke fitowa kamar kan jariri, kuma kada tsofaffi su biyo ta su ga wurin. Mu muka bi tudu. Tsakaninmu bai fi taku ɗari biyu ba.

Rana ta ɗan ɗaga, ina tafe ƙararrawata na kaɗawa, sai na ji daga kwari an ce “Tsoho!” Muryarta ce, Tomeji. Na san ta kamar yadda na san tafin hannuna. Amma ƙafafuna suka tsaya da kansu, na sa hannu na dafe ƙararrawar don in ji na biyun. Iska ta kaɗa ganye. Ruwa na gudu a ƙasa. Na biyun bai zo ba. Sai Matazo ya matso ya kama wuyan hannuna, fuskarsa kamar takarda, ya ce cikin raɗa, “Kada ka amsa, Suke. Ba ita ba ce. Yarinyar nan ba ta taɓa kira sau ɗaya ba, ka sani.” Ina so ka gane wannan da kyau, don na daɗe ina ɓoye shi: kafin ya riƙe ni na riga na tsaya. Ba shi ya tsai da ni ba. Muka tsaya kamar gumaka biyu, tsofaffin da suka haɗa shekara ɗari da arba'in, muna sauraron kurmi. Sa'annan na ji wani abu da ba murya ba, ƙarar kwando yana kakkaryewa, da wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar ana jan dutsen niƙa. Na fizge hannuna, ya ƙi saki, yana cewa haka aka yi wa Genroku, haka aka yi wa Genroku. Na dunƙule hannun dama na narka masa a baki. Na ji haƙoransa sun karye a kan yatsuna. Ya zube, na tsallake shi na gangara, rabi da ƙafa rabi da baya.

Tana kwance rub da ciki a gindin itacen, hannuwanta biyu a kan ƙeyarta yadda na koya mata, beyar kuma yana tsaye a kanta yana yayyaga kwandon da ke bayanta. Ganyen da ke kewaye da kanta duk ya yi ja. Ban san irin ihun da na yi ba. Na zare adda na sare shi a gadon baya, sai na ji kamar na sari buhun yashi. Ya juyo ya miƙe da ƙafa biyu, farin da ke ƙirjinsa daidai fuskata, warin bakinsa kamar ruɓaɓɓen kifi. Ban ga hannunsa ba, ji kawai na yi kaina ya yi ƙara, fatar goshina ta sauko ta rufe mini idon hagu, duniya ta koma ja. Na faɗi, ya hau ruwan cikina. Na tare da hannun hagu, ya cafke shi daga gwiwa zuwa wuyan hannu, na ji ƙashi ya yi ƙas kamar busasshen reshe. Baba ya taɓa cewa in ya kama hannunka kada ka ja, ka tura. Na tura hannun cikin maƙogwaronsa iya ƙarfina, da na daman kuma na dinga sararsa a hanci, sau nawa ban sani ba, har addar ta yi santsi tana neman kufce mini. Jininsa da nawa suna zuba a bakina. Ya girgiza ni kamar yadda kare ke yi wa tsumma. Ina jin ƙarfina na tafiya sai ga Matazo ya faɗo daga sama da wani ƙaton reshe, baki cike da jini, yana zagin uwar beyar da kakarsa da duk danginsa, kalmomin suna fita ta gurbin haƙora da feshi. Ya maka masa a ƙugu, ya sake makawa, reshen ya karye, ya soka masa guntun a ciki. Abin ya sake ni, ya mirgina cikin rafi, ya haye can yana atishawar jini, ya shige kurmi.

Na ɗaga fatar goshina da hannu don in ga hanya, na rarrafa wurinta. Da muka juya ta na gane dalilin da ya sa na biyun bai zo ba. Bugun farko ya same ta daga kunne zuwa maƙogwaro. Duk numfashin da ta ja sai ramin ya yi kumfa yana fito kamar butar shayi. Idonta a buɗe yake, ta dube ni, sa'annan ya rufe. Matazo ya cire tawul ɗin kansa ya danna a wurin, ya ce in riƙe, kada in saki ko da dutsen zai faɗo. Ya ɗaure ta a kan katakon goyon itace ya saɓa a baya, tsoho mai shekara sittin da takwas, ni ina biye da hannuna a wuyanta, ɗayan hannun yana lilo. Sau uku ya faɗi a kan gwiwa, sau uku ya tashi. A mota yana tuƙi yana tofar da jini ta taga yana ce mini, “In ka suma, ɗan makaranta, zan jefar da kai a rafi, na rantse da kabarin uwata.” A gidan farko da ke da tarho ya tsaya ya kira motar asibiti, ta tare mu a gada.

Ni ɗinki arba'in da ɗaya aka yi mini a kai, aka ɗaure hannun da ƙarfe. Ita likitoci suka yi awa shida a kanta. Babban likitan, mutum mai sanyin magana, ya ce jinin da ta zubar ya yi yawa ƙwarai. Ya ce mai yiwuwa ba za ta farka ba, in ta farka kuma kada mu sa rai da muryarta. Na tambaye shi in da an kai gare ta da wuri kaɗan fa. Ya ce wannan ba wanda zai iya sani. Matazo ya gaya wa kowa faɗuwa ya yi a kan dutse haƙoransa huɗu suka zube, bai ce komai game da tsayuwarmu ba. Kwana uku tana kwance kamar gawa da roba a wuya. A kwana na huɗu aka sallame ni, na isa gida na tarar da Sada tana ɗebe shinkafa daga tukunya, sai na durƙusa a bakin murhu na gaya mata duka. Shekara hamsin da ɗaya muna tare, matar nan ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba. Ta juyo da cokalin katakon da ke hannunta ta kwaɗa mini a kan ɗinkin, shinkafa ta warwatsu, jini ya ɓallo ta cikin bandeji. Ta sake kwaɗawa. Ta ce, “Yarinya ta kira ka kana tsaye kana jiran izinin ubanka da ya ruɓe a ƙasa! Tsohon banza, tsohon wofi!” Ban kare ba. Da ta gaji ta zauna tana kuka, sa'annan ta share fuska ta ce in tashi in buɗe rijiya.

Rijiyar bayan gida, wadda muka rufe da katako tun da aka jawo famfo. Rabon da a leƙa ta a kira sunan wanda ke bakin mutuwa don ransa ya juyo tun ciwon Inna na ƙarshe, kai ne ma ka riƙe ƙafar Baba ran nan. Na aika aka kira Matazo, ya zo da kumburarren baki, bai tambayi komai ba, muka ɗage katakan. Ya naɗa ɗamarata a hannunsa ya dogare ƙafa a dutsen baki, ni kuma na zura rabin jikina ciki. Can ƙasa ruwa baƙi da ɗan farin sama a tsakiya. Na kira sunanta. Rijiyar ta dawo mini da shi. Na kira, na kira, na ce ta dawo, hanyar nan ba tata ba ce, ta juyo gida, kakarta ta dafa shinkafa. Jini yana ɗiga daga goshina cikin ruwan, ina jin ƙararsa. Maƙwabta suka taru a bakin shinge, matasan cikinsu suna dariya ƙasa-ƙasa, wai tsoho ya taɓu. Sada ta ɗauki tsintsiya ta kore su har titi. Duk sanda na sassauta sai Matazo ya girgiza ɗamarar ya ce, “Ɗaga murya! Da bakinka na tsiya ne da an ji ka har birnin Nagoya!” Daga hantsi har rana ta karkata. A ƙarshe ina buɗe baki iska kawai ke fita, in na yi tari sai in ga jini. Suka jawo ni waje kamar buhu.

Washegari da rana tarho ya yi ƙara: ta buɗe ido. Likita ya ce kumburin kanta ne ya sauka. Sada ta ce rijiya ce. Ni ban yi musu da kowa ba, ba ni ma da muryar musun. Na shiga motar haya da silifa ƙafa ɗaya nawa ɗaya na Sada. Na same ta a jingine, rabin fuskarta a naɗe, ido ɗaya a waje, an ba ta ɗan littafi da fensir tunda ba magana. Na tsaya a bakin gado ina kuka ba sauti kamar kifi. Ta dube ni ta daɗe, sa'annan ta yi rubutu ta juyo mini da littafin. Ka san karatuna sai da yatsa, harafi bayan harafi, ita kuwa tana kallona har na kai ƙarshe. Ta rubuta: “Na ji ƙararrawarka ta yi shiru.” Ta karɓa ta ƙara a ƙasa: “Na ƙirga har ashirin da shida.” Tomeji, da ban shiga ajin yamma ba da sai wani ya karanta mini, wataƙila ya tausasa. Ni na karanta da kaina. Da na so, da na ce Matazo ne ya riƙe ni, shi ma da ya yarda ya ɗauki laifin. Na karɓi fensirin na rubuta da wannan mummunan rubutun nawa: “Na ji ki. Na san ke ce. Na tsaya.” Ta karanta. Ta rubuta kalma ɗaya, ta danna fensirin har bakinsa ya karye: “Fita.”

Na fita. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya a rubuce cewa kakarta ta shigo, Matazo ya shigo, amma ban da ni. A makon nan ne maharba bakwai suka bi sawun jini suka kashe beyar ɗin a bayan tudu, suka kawo shi bakin zauren taro a kan sanda. Tsohon namiji ne, ramamme, hancinsa a tsage gida uku. Na ratsa cikin mutane na hau shi da shuri, a ciki, a kai, a baki, har babban yatsana ya fashe, mutum biyu suka riƙe ni. Matazo yana gefe yana tsotsar dasashi, ya ce, “Shi dai yunwa ce ta sa shi. Mu fa?” Sai na bari. Kullum da safe ina shiga motar ƙarfe takwas in je asibiti in zauna a kan bencin da ke ƙofar ɗakinta har a tashi. Sada ta shiga ta fito ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Matazo ya shiga, in ji yana ba ta labarin ƙarya yana shan iska ta gurbin haƙora, ya fito ya ce ta yi murmushi, wai ya fi kyau a haka. Malama Hosokawa ta zo dubiya ta same ni a nan, ta ce tunda zama nake yi in yi aikin gida: jumla biyar da kalmar kira, kowace da irin aikinta. Na rubuta a kan gwiwa. An kira likita. Mun kira maƙwabta cin sabuwar shinkafa. Ana kiran ƙauyenmu Kuratani. Baba yana kirana jaki. Ta biyar na fara da “Jikata ta kira ni,” na yi kwana huɗu ban san abin da zan sa a gaba ba. An cire mata roba daga wuya, likita ya ce ta gwada magana, ta ƙi ko gwadawa. Na yi kwana ashirin da shida a kan bencin nan. Na fara sabawa da cewa ta rayu amma ni na rasa ta, kuma na ga hakan daidai ne.

Ranar Larabar makon jiya, wajen ƙarfe biyu, Sada ta sauka sayen lemo, ba kowa a barandar sai ni da wata ma'aikaciya tana tura keken magani. Sai na ji wani sauti daga cikin ɗaki, kamar zarto a kan jiƙaƙƙen itace, ba mai ƙarfi ba. Chizuru ce take kirana, ba ta ma ƙarasa kalmar ba. Ban san sanda na tashi ba. Na yi karo da keken, kwalabe suka tarwatse, ma'aikaciyar ta kurma ihu, na taka fasasshen gilashi, na bugi ƙofar da karyayyen hannun har na ga taurari, na faɗa ciki a kan gwiwoyi na ce “Na'am! Na'am! Ga ni!” da wannan muryar tawa ta agwagwa. Tana kwance tana kallon rufi. Ta haɗiye miyau da ƙyar, ta yamutsa fuska don zafi, sa'annan ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, “Tsoho. Tafin ƙafata. Ƙaiƙayi. Hannuna ba ya kai.” Na ɗaga bargo na kama ƙafar na fara sosawa. Ta ce hagu. Na koma hagu. Ta ce ƙasa kaɗan, kurma. Ma'aikaciyar ta shigo da faɗa a bakinta, ta ji muryar, ta juya da gudu kiran likita. Likita ya zo, Sada ta zo lemo na zubewa daga hannunta, ɗaki ya cika, ni ban saki ƙafar ba. Jinin tafin ƙafata ya ɓata musu daɓe, aka ɗinke ni a zaune ina sosawa. Na fi awa ɗaya a haka, hawaye na zuba a kan yatsunta, har ta ce in daina jiƙa ta.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Likita ya ce muryar ba za ta koma yadda take ba, tabon kuma zai zauna. Amma jiya ta zage ni jumla uku a jere ba tare da ta huta ba, na fito baranda na taka rawa har wani mai sanda ya tafa mini. Ƙarshen wata za a sallame ta. Sada za ta dafa jar shinkafar biki, mun kira duk ƙauyen, har da matasan da ta kora da tsintsiya. Matazo ya ce a dafa tasa ta yi laushi, kuma ni zan tauna masa nama.

Ka gaida Fusae da kyau, ka ce Sada ta gode da kofin bara, har yanzu tana ɓoye shi sai baƙi. Ka gaida Akio da matarsa, da Mitsue, da ƙananan da sunayensu na can ke karya mini harshe. Ka kunna turare a wurinka ka gaya wa Baba abin da ya faru, ni ban iya yi masa magana ba tukuna. Sada tana gaishe ku, Matazo ma ya ce a gaida auta mai fasasshen leɓe. Zan ajiye biro nan, motar ƙarfe takwas ta kusa, kuma yarinyar ta ce in yanke farce kafin in zo, wai nawa na masu gawayi ne, suna karce ta.

Yayanka,
Sukeichi